An ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, an ce in goge in sake

Assalamu alaikum Anti. Watana biyar da fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin haɗa magunguna a nan Kaduna. Ranar Alhamis da la'asar na jera samfurin sirof ɗin farasitamol na yara a na'urar HPLC, wadda ke auna yawan magani a cikin samfur, kwalba talatin da biyu. Ana kan ta goma sha bakwai aka ɗauke wuta. UPS ɗinmu, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, ya yi ta ƙara kamar minti biyu sannan ya mutu, kafin a tayar da janareta komai ya tsaya. Da wuta ta dawo na ci gaba daga inda aka tsaya, amma sakamakon bai yi kama da na farko ba. Magariba ta yi, na tashi ban wanke kolom ba, wato bututun da samfur ke ratsawa a cikin na'urar, sai bafar fosfet, ruwan gishirin da muke aiki da shi, ta kwana a ciki. Da safe na tuna, na tura sinadarin asetonaitirail zalla, sai furesha, wato matsin ruwa a cikin na'urar, ta tashi daga 120 ta haura 200 a ma'aunin bar. Wani da ya riga ni daɗewa a wurin ya ce in goge jerin gaba ɗaya in sake, kowa haka yake yi, kada oga ta ji. Ban goge ba, amma na canza wa fayil ɗin suna zuwa "gwaji". Litinin ake jiran rahoto. Anti, ni ke riƙe da mahaifiyata da ƙannena biyu, kuma kuɗin kolom ɗin nan ya fi albashina. Kwana biyu ke nan ban runtsa ba.

Ƙanwarki, daga Tudun Wada.

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki goge. Wannan na fara da shi don ko wayarki ta mutu kafin ki kai ƙarshen amsar nan, to ki riƙe shi. Kada ki goge fayil ɗin, kada ki sake canza masa suna, kada ma ki mayar masa da sunansa na farko ke kaɗai a ɓoye. Ki bar shi yadda yake har ki zauna da oganki.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na lura kin haɗa abubuwa uku kin ɗora wa kanki a matsayin laifi ɗaya, shi ya sa nauyin ya hana ki barci. Ɗauke wuta ba ke kika ɗauke ta ba, batirin UPS ba ke kika kashe shi ba. Cigaba da allura, wato tura samfur cikin kolom, ba tare da sake gwada na'ura ba, da tura asetonaitirail a kan bafa, kuskure ne irin na mai koyo, kuma duk wanda ya daɗe a gaban na'urar nan ya taɓa yin makamancinsa. Canza suna kuwa wani abu ne daban, domin shi ne ƙafa ɗaya a hanyar da abokin aikinki yake kiranki. Alhamdu lillahi ƙafa ɗaya ce, ana iya janye ta.

Bari in faɗa miki dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan, domin na san a zuciyarki kina cewa ai rabin zanen sakamako ne kawai, ba shi da amfani ga kowa, me zai ɓata idan an share shi. Ki sa kanki a matsayin mai bincike da ya zo daga waje. Ya buɗe kwamfuta, ya ga jerin samfuri ya yanke a tsakiya, an sake shi, na biyun ya ci jarrabawa, na farkon babu shi ko an sa masa suna "gwaji". Ta yaya zai bambance tsakanin wadda aka ɗauke wa wuta da wanda ya hango sakamako zai faɗi ya miƙa hannu ya zare waya daga bango? A allon kwamfuta kamarsu ɗaya. Kuma masu zare waya suna nan, shi ya sa masu bincike suka koyi zargin duk wani yankewa da ba a rubuta dalilinsa ba. A 2017 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa wata masana'antar magunguna da ke Nashik a Indiya takardar gargaɗi, kuma cikin abin da ta kama su da shi akwai bayanan kiromatogirafi, wato irin gwajin da kike yi, da suka yanke ko suka ɓace, kamfanin yana ta ɗora laifin a kan ɗaukewar wuta da yankewar waya, ba tare da bincike mai gamsarwa ba. Kin ga ke nan, a wannan sana'ar kalmar "wuta ce" ba ta wanke kowa sai da shaida. Ke kuwa kina da shaida: rabin zanen nan da ya tsaya a daidai mintin da wuta ta ɗauke, da saƙon da manhajar ta rubuta cewa ta rasa na'ura, da littafin mai kula da janareta inda yake rubuta lokacin da ya tayar. Idan kika goge, shaidarki kika kashe da hannunki.

Sannan gogewar ma ba ta goguwa. Manhajojin da ake tuƙa na'urorin nan da su, irin su Empower da Chromeleon da OpenLab, suna da kundin sawu. Muddin an kunna shi, duk abin da aka taɓa yana rubuta wa ya taɓa, ƙarfe nawa, me ya canza. Tun 1997 dokar Amurka kan bayanan kwamfuta ta wajabta wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da nata jagoran kan kula da bayanai a 2016, kuma a kan irin wannan ma'aunin NAFDAC take duba kamfanoni. Ga ɗakin gwajinta nan a cikin garin Kaduna, ba nisa za su yi ba. Canza sunan da kika yi yana nan a rubuce da sunanki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bambancin kawai shi ne ko daga bakinki za a fara ji, ko bayan wata shida wani ya tono ya kira ki ofis.

Akwai kuma abin da ya fi mai bincike muhimmanci. Kin ce sirof ɗin yara ne. Ban sani ba ko shekarunki sun kai ki tuna da ƙarshen 2008, lokacin da maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda aka samu gubar dayetilin gilaikol a ciki, ya lalata ƙodar yara a Legas da Ibadan har da nan Zariya. Yara 84 aka ƙirga sun rasu. Ni na ga iyaye a lokacin. Ba ina cewa sirof ɗinku yana da wata matsala ba, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Amma uwar da za ta saya a kemis a Kawo ko Rigasa, ta ɗura wa jaririnta da tsakar dare yana zazzaɓi, ba ta da wata hanyar sanin abin da ke cikin kwalbar sai amanar da ke tsakaninki da allon nan. Ɗabi'ar "goge ki sake" yau a kan ɗaukewar wuta take, gobe a kan sakamakon da ya faɗi da gaske za ta hau, domin hannu ya riga ya saba.

To yanzu mu shiga cikin na'urar, don ki san abin da za ki faɗa ranar Litinin da bakin mai sani.

Lokacin da wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, furesha ta zube. Samfurin kwalba ta goma sha bakwai yana tsakiyar tafiya a cikin kolom, sai ya tsaya ya fara bazuwa gaba da baya. Fitilar ditekta, wato sashen da ke gano abin da ya fito daga kolom, ta mutu ta huce. Idan kuna amfani da murhun kolom, shi ma ya huce. Da kika kunna kika ci gaba nan take, kin yi allura ne a kan kolom da bai daidaita ba, da fitila da ba ta gama ɗumi ba, mai yiwuwa da iska a cikin famfo, ga ragowar samfurin baya yana fitowa a kan na gaba. Dole lokacin fitowar pik, wato tsinin da magani ke yi a zanen sakamako, ya gusa, girmansa ya canza. Saboda haka rashin daidaiton da kika gani ba ya nuna maganin ya lalace, ba ya kuma nuna lafiyarsa lau. Ba ya nuna komai. Sakamako ne da za a soke shi a rubuce da dalili, a ajiye shi a cikin fayil tare da sauran.

Abin da ya kamata, kuma shi za ki yi nan gaba, ya fara tun ɗakin yana duhu. Ki kashe makunnin kowane sashe na na'urar, domin wutar da ke dawowa, musamman a 'yan daƙiƙun farko na janareta, ita ce ke ƙona allunan ciki. Ki duba agogo ki rubuta lokaci a littafin na'ura, da lambar kwalbar da ake kai. Idan allurar ta maƙale a cikin kwalba kada ki ja ta da hannu, za ta koma mazauninta da kanta idan na'ura ta tashi. Wuta ta zauna, sai ki kunna, ki buɗe bawul ɗin fitar da iska ki bar kowane layi ya gudana na 'yan mintoci har kumfa ta ƙare. Ki rufe, ki fara da gudu kaɗan kamar mililita 0.2 a minti, ki riƙa ƙarawa a hankali har ki kai na ƙa'idar aikin, idonki na kan furesha. Fitilar tana son rabin awa zuwa awa ɗaya. Kolom kuma yana son ruwan aikin ya ratsa shi ninki goma zuwa ashirin na abin da cikinsa ke ɗauka. Kolom mai tsawon milimita 150 da faɗin 4.6 yana ɗaukar kusan mililita ɗaya da rabi, ke nan a gudun mililita ɗaya a minti kina maganar kusan rabin awa. Babu hanyar yanke a nan. Sai layin ƙasa na zanen da ke kan allo ya miƙe ya daina yawo, ki yi allurar bilank, wato ruwan da babu magani a ciki, ki tabbata babu ragowar komai, sannan ki sake gwajin lafiyar na'ura daga farko: sitanda, wato ruwan da aka riga aka san yawan maganin da ke cikinsa, sau biyar ko shida kamar yadda takardar aikinku ta ce, bambancin girman pik a yawancin ayyuka irin wannan kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Sai ya ci wannan za a dawo kan samfur.

Akwai wani wurin da mutane da yawa ke tuntuɓe. Ba daga ta goma sha bakwai ake ci gaba ba. Ki duba inda sitanda ta ƙarshe ta shiga a jerin kafin wuta ta ɗauke. Duk samfurin da ke tsakanin sitanda biyu da suka ci, yana da gata, ana iya karɓar sakamakonsa idan ƙa'idar ɗakinku ta yarda. Waɗanda suka zo bayan sitanda ta ƙarshe ba su da mai rufe musu baya, su ma sai an sake. Wannan hukuncin ba naki ba ne ke kaɗai, na oga ne da sashen tabbatar da inganci, amma ki je da shi a shirye. Kuma kwalaben Alhamis ɗin nan kada ki sake musu allura ranar Litinin. Murfin da allura ta huda yana barin metanol ya tsere, ruwan ya ƙara kauri, sakamako ya hau sama da gaskiya, ga zafin garin nan. Kowace hanyar gwaji tana da adadin awannin da aka tabbatar ruwan samfur yana zama lafiya. In ya wuce, sabo ake haɗawa. Tsofaffin kuma ki ajiye su da lambarsu har a rufe binciken.

Sai maganar kolom, wadda na san ita ce ta fi tsaya miki a wuya. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Kwana ɗaya da bafa a ciki ba kasafai yake kashe kolom ba. Abin da ya tayar da furesha shi ne asetonaitirail zalla da kika tura. Gishirin fosfet yana narkewa a ruwa, ba ya narkewa a asetonaitirail, da suka haɗu sai ya daskare ya zama gari ya toshe 'yar matatar da ke bakin kolom. Abin da gishiri ya toshe kuwa, sau da yawa ruwa yana buɗewa. Ki fara gano inda toshewar take: ki cire kolom ki haɗa layin kai tsaye ki ga furesha. In ta sauka, matsalar tana kolom ko ɗan gadin da ke gabansa, kuma in kuna da ɗan gadin, shi za ki fara canzawa, domin aikinsa ke nan, ya mutu a madadin babban, kuɗinsa kuma kaɗan ne. In kolom ɗin ne da kansa, ki cire bakinsa daga ditekta ki sa ya zuba a kwalbar shara, ki tura ruwa mai tsabta da aka sa wa metanol kashi biyar zuwa goma cikin ɗari, a gudu kaɗan, murhu a kan digiri 40 in akwai. Kada ki tura ruwa zalla a kan kolom irin na C18, yana da nasa illar. Ki ba shi awa ɗaya ko biyu kina kallo. Sau da yawa za ki ga lambar tana sauka kaɗan-kaɗan. Wasu kolom ɗin ana iya juya su a wanke ta baya, amma sai takardar da ta zo a kwalinsa ta yarda. Bayan nan ne ake ƙara metanol mataki-mataki. Duk wannan ki yi shi da sanin oga, a rubuce a littafin kolom, ba ranar Lahadi ke kaɗai a ɗaki ba. In ma ya ƙi farfaɗowa, kolom kayan aiki ne mai ƙarewa, kowane ɗakin gwaji yana sa shi a kasafi. Ban taɓa ganin shugaba mai hankali ya kori ma'aikaci a kan kolom ɗaya ba. A kan ɓoye bayanai kuwa na gani, ba sau ɗaya ba.

Ni ma na taɓa tsayawa inda kike. Shekarata ta farko a wani ɗakin gwaji, da damina, iska ta taso wuta ta ɗauke ina tsakiyar jeri. Na tsaya a duhu ina jin ƙarar ruwa a kan kwano, zuciyata na bugawa, tunanina ɗaya shi ne yadda zan yi kada kowa ya sani. Washegari na shiga ofishin shugabarmu, wata dattijuwa mai tsananin ƙa'ida da kowa ke shakka, na faɗa mata muryata na rawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo aljihun tebur ta ciro fom ɗin rubuta matsalar da aka samu a aiki ta miƙo mini da biro, ta ce, "Ƙarfe nawa ta ɗauke?" Na ce ban duba ba. Ta ce, "To wannan ne kuskurenki. Je ki wurin mai janareta ki tambayo." Na same shi a bayan gini yana goge hannu da tsumma, ya buɗe wani littafi da baƙin mai ya ɓata gefensa, ya nuna mini da yatsa. Bayan shekara guda masu bincike suka zo, suka tsaya a kan wannan jerin, suka karanta fom ɗin, suka wuce.

Ranar Litinin ki riga kowa zuwa. Kafin ki shiga wurin oga ki rubuta komai a takarda ɗaya bi da bi, da lokaci: ƙarfe nawa kika fara, ƙarfe nawa wuta ta ɗauke, minti nawa UPS ya riƙe, me kika yi da ta dawo, me kika yi da safe, furesha nawa kika gani. Ki sa maganar canza sunan a ciki, da hannunki. Kada ki rubuta kwanan watan Alhamis a takardar da kika rubuta Litinin. Ki sa ranar da kika rubuta, ki ce bayani ne na abin da ya faru Alhamis. In kin shiga, bayan gaisuwa, kada ki yi dogon share fage. Ki ce, "Ranki ya daɗe, an samu matsala a jerin Alhamis, na yi kurakurai a ciki, ga bayanin, ina neman a buɗe fom a ba ni izinin sake aikin." Za ta iya yin faɗa. Ki saurara, kada ki kare kanki da yawa, kada ki yi kuka in za ki iya daurewa. Rahoton zai makara da kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan ita ya shafa ta sanar da na sama.

Game da abokin aikin naki, ba na so ki mayar da shi abokin gaba. Mai yiwuwa tausayinki ya ji, shi ma haka aka koya masa. Ba sai kin kai sunansa ba in ba a tambaye ki ba. In an tambaye ki kai tsaye, kada ki yi ƙarya. Shi kuma ki ce masa cikin ladabi, "Yaya, na gode, amma na ga gara in faɗa." Sai dai ki buɗe ido. In kika faɗa wa oga ita ma ta ce ki goge, to matsalar ta wuce ta mutum ɗaya. A nan sai ki nemi ta ba ki umarnin a rubuce, ki kai maganar sashen tabbatar da inganci, kada kuma ki sa hannu a kan rahoton da kin san an share wani abu daga bayansa, domin sa hannun naki ne zai tsaya a takardar ko bayan kin bar wurin. In haka ta faru ki sake rubuto mini, wannan wata magana ce mai tsawo.

A cikin fom ɗin akwai gurbin da ake tambayar musabbabi da matakin hana sake faruwa. Kada ki cika shi da "zan ƙara kula". Ki rubuta gaskiya: UPS ya riƙe minti biyu kacal. Batiran da ke cikin irin waɗannan na'urori shekara uku zuwa biyar suke yi, a zafi irin na Maris da Afrilu a Kaduna kuma ba sa kaiwa. Abin da ake buƙata shi ne UPS da zai ɗauki famfo da ditekta da kwamfuta gaba ɗaya har janareta ya tashi ya zauna, kuma a riƙa gwada shi da kaya a kansa lokaci-lokaci ana rubutawa. Duk wanda yake Arewa a Oktoban 2024, lokacin da jihohi suka kwashe kwanaki a duhu, ya san ba abin da za a bari sai ya faru ba ne. Ki kuma ba da shawarar a rubuta takarda guda, shafi ɗaya, a manna a jikin bango kusa da na'ura: in wuta ta ɗauke, ga abin yi. In kuna da GC a ɗakin, wato 'yar'uwar HPLC mai aiki da gas maimakon ruwa, a sa nata daban, domin ita haɗarinta ya fi: kolom yana da zafi gas ya tsaya, iska ta shiga ta cinye rufin cikinsa, wannan kuwa ruwa ba ya gyara shi. Mai haɗe da MS kuma, wato sashen da ke gane sinadarai da nauyinsu, sai an ba ta awanni ta zuƙe iskar cikinta, a duba alamar ruwa da iska a lamba 18 da 28 da 32 kafin a yarda da ita.

Ki ci abinci yau, ki faɗa wa Mama ta sa ki a addu'a, ba sai kin yi mata bayanin kolom ba. In kin yi wankin nan na ruwa da metanol, ki rubuto mini lambar da furesha ta tsaya a kai bayan awa biyu, da siffar pik ɗin sitanda, ko ya tsaya tsaf ko ya rabu biyu. Da wannan zan iya faɗa miki ko kolom ɗin zai ci gaba da aiki.